Ni Na Nuna Masa Ƙofar

Kafin ku fara zagina a ƙasan labarin nan, bari in faɗa da bakina: kishi ne. Ba aljani ne ya hau kaina ba, ba kuma asiri aka yi min ba. Kishi ne zalla, irin wanda ke sa mace mai hankalinta ta bar shagon uwar ɗakinta ta hau tasi tana bin bayan babur.

Ga waɗanda suka tarar da mu a tsakiyar hanya, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a shagon labule da zannuwan gado. Wanda nake so kuwa a asibiti yake, shi ke ɗaukar hoton ƙashi idan mutum ya karye. Mai Hoto ake ce masa a gidanmu, don ranar da na fara ambatonsa Goggo ta ɗauka mai hoton biki ne, har ta ce ya zo ya ɗauke ta da sabon leshinta. Shekararmu ɗaya da wata biyar tare, har yau manyansa ba su tako gidanmu ba.

"Auta, wai hoton nan naku bai wanku ba ne har yanzu?" in ji Goggo ranar Lahadi, tana kallona ina ɗaura ɗankwali a gaban madubin falo.

"Ya kusa, Goggo."

"Tun bara yake kusa. Namijin da ke jan ƙafa, wallahi akwai inda ya ajiye ɗaya ƙafar."

Na ga yadda Mama ta sauke ajiyar zuciya. Ajiyar zuciyar nan ta fi maganar Goggo ciwo.

Da la'asar ya zo. Na saka doguwar rigata ruwan zuma wadda ya taɓa cewa tana masa kyau, na fesa turare har sau uku. Muna zaune a falo ya tashi ya fita gyara tsayuwar babur ɗinsa, don maƙwabcinmu zai fito da mota. Wayarsa na kan hannun kujera. Ban taɓa ta ba, na rantse muku. Ita ta yi haske da kanta.

*Jiya na samu na yi barci. Ban san da wane baki zan gode maka ba.*

Kafin in haɗiye wannan, wani ya faɗo.

*Ranar Alhamis ɗin za ka zo?*

Sunan da ya ajiye lambar da shi: Hannun Hagu.

Jama'a, hannun hagu! Wato ni ce ta dama, ga ta hagu kuma a gefe, mutum ya cika cif da hannuwansa biyu. Yana shigowa na nuna wayar da haɓa.

"Hannunka na hagu na nemanka."

Ya ɗauka ya duba, fuskarsa ta sauya. Ya kife wayar a cinyarsa.

"Maganar aiki ce."

"Aikin ne yake ba ka labarin barcinsa?"

"Auta, ki yarda da ni. Amana ce. Ba tawa ba ce balle in ba ki."

"Mace ce?"

Mutumin nan bai iya ƙarya ba, abin da ya sa na so shi ke nan, ranar kuma shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi.

"Mace ce," ya ce.

Na ɗauke lemon da na kawo masa, ko buɗewa bai yi ba, na mayar firij.

Kwana uku ban amsa kiransa ba. Amma kada ku ɗauka hutawa na yi. Ina auna wa mutane labule ina zana ta a raina: fara ce ko baƙa, doguwa ce, ta fi ni iya magana? Na yanka wa wata mata yadi huɗu a maimakon biyar, uwar ɗakina ta tambaye ni ko zazzaɓi nake. Kowane minti sai na leƙa in ga ko yana kan layi. Idan yana kai, in ce da ita yake hira. Idan ba ya kai, in ce yana wurinta.

Ranar Laraba da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Mutumin da ya fito, ko a hoton talla sai haka. Farin yadi mai guga kamar takarda, agogo mai tsada, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya yi sallama a hankali, ya jira har matar da nake sallama ta fita.

"Ƙanwata, ki gafarce ni. Ba labule na zo saya ba."

Ya miƙo min wayarsa. Hotona ne a ƙofar shagon nan, allon sunan shagon a bayana. Shi ne hoton da Mai Hoto ya ɗora a kan lambarsa.

"Mai wannan lambar, kin san shi?"

"Lafiya?"

"Matata ta bar gida yau kwana tara." Muryarsa ta karye. Ya ciro hankici ya danne idonsa. "Na sami lambar nan rubuce a bayan ambulan ɗin asibiti, a ƙarƙashin katifarta. Ni ba rigima nake so ba. Tana da ciwon damuwa, takan faɗi, takan ji wa kanta rauni. Shi kuma ya sami mara lafiya ya hure mata kunne. Ni da ke duk an ci amanarmu."

*Ni da ke.* Wallahi kalmar nan ta shige ni kamar ruwan sanyi a maƙoshin mai ƙishi. Ga wanda ya san abin da nake ji. Har kujera na jawo masa. Ya ce ya bi Mai Hoto sau biyu daga asibiti, amma babur ya ɓace masa a cunkoso. Ya ce in na san inda yake zuwa in taimaka masa, zai je ya ɗauko matarsa cikin mutunci, ni kuma nawa ya dawo min.

"Gobe Alhamis zai je wurinta," na ji bakina ya faɗa.

Ya ɗago da sauri. A lokacin na ga wani abu ya gifta a idonsa, hawayen suka ɗauke tsaf kamar an rufe famfo. Na gani. Ba zan ce muku ban gani ba. Kishi ne ya ce min ba ruwana.

Alhamis na ce wa uwar ɗakina haƙori ke damuna. Na yafa babban mayafin Mama mai ruwan toka, na saka baƙin gilashi, na tsaya gefen mai sayar da jarida a tsallaken asibiti. Ƙarfe ɗaya da kwata, lokacin hutunsa, sai ga shi ya fito da babbar ambulan a hannu. Na tari tasi.

"Ka bi babur ɗin can, kada ka matsa kusa."

Direban ya kalle ni ta madubi. "Hajiya, mijinki ne?"

"Tuƙi na biya ka."

Muka bar manyan tituna, muka shiga wata unguwa mai shiru, layi mai itatuwa. Ya tsaya gaban wani gida mai shuɗin get. Na sauka daga nesa na laɓe bayan wata motar ɗaukar yashi da aka ajiye. Ya ƙwanƙwasa sau uku. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, wata dattijuwa ta leƙo, sannan ta matsa. Sai ga ta a bayanta.

Kyakkyawa ce. Allah ya sani na so a ce mummuna ce. Siririya, dogon wuya, mayafi ya rufe mata kafaɗu har ƙugu. Ta karɓi ambulan ɗin da hannu ɗaya. Ya faɗi wata magana, ta yi murmushi, shi ma ya yi. Irin murmushin nan da gefen bakinsa ɗaya ke ɗagawa, wanda na ɗauka nawa ne ni kaɗai.

Na ciro waya. Na buɗe lambar da mai farar mota ya bar min jiya, na danna alamar taswira, na tura masa daidai inda nake tsaye. Na ƙara da cewa: *Shuɗin get.*

Nan take ya amsa: *Allah ya biya ki. Ina hanya.*

Mai Hoto ya hau babur ya tafi. Da na juya na koma shago, da yau wani labarin nake ba ku. Amma zuciya ta ce sai na ga idonta, sai ta san da ni. Na tsallaka na ƙwanƙwasa sau uku kamar yadda na ga ya yi.

Dattijuwar ta buɗe. Gajeriya ce mai jiki, gilashi rataye a wuyanta da igiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, na cire baƙin gilashina.

"Ke ce mai labulen," ta ce. Ba tambaya ba ce. "Na ga hotonki ya fi sau ɗari. Ni ƙanwar mahaifiyarsa ce. Shi ya turo ki?"

"A'a."

"To wa ya nuna miki gidan nan?"

"Biyo shi na yi."

Ta leƙa layin hagu da dama, ta jawo hannuna ciki ta datse ƙofar da sakata biyu.

Falon ƙarami ne, fes, labulayen a sauke da rana tsaka. Matar na zaune a gefen kujera. Ta cire mayafin. Hannunta na hagu na cikin farin filasta tun daga yatsu har sama da gwiwa, rataye a wuyanta da ƙyalle. A wuyan kuma, ƙarƙashin haɓa, akwai tabo huɗu a jere, sun fara komawa ruwan ɗorawa. Na daɗe ina kallonsu kafin in gane sawun yatsu ne.

Duk maganar da na haddace a tasi ta gudu.

"Wannan ce wadda ɗana zai aura," Anti, wato dattijuwar, ta ce mata. "Kishi ya kawo ta."

Matar ta zaro ido, ta yunƙura za ta tashi. "Wayyo, ki yi haƙuri. Don Allah ki yi haƙuri. Laifina ne, bai kamata in riƙa tura masa saƙo da wayar da Anti ta ba ni ba. Zan daina. Kada ki yi fushi da shi."

Yadda take ba ni haƙuri, kafaɗarta a ɗage, kanta a karkace kamar mai jiran saukar mari, shi ya fara kashe min jiki.

"Zauna," Anti ta ce mata. "Me na gaya miki game da ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba?" Ta juyo kaina. "Shekara talatin na yi ina aikin nas. Yanzu ina tare da wata ƙungiyar mata, muna da lauya, muna da jami'ar 'yan sanda da ke karɓar irin wannan ƙara. Mace takan kwana biyu a nan kafin a sama mata wuri. Abin da ya rage nata ne, in ta so ta faɗa miki."

Matar ta kalli ambulan ɗin da ke kan tebur. Da hannu ɗaya ta zaro hotunan baƙaƙe masu sheƙi ta jera su.

"Wannan haƙarƙari ne, bara. Na ce musu a banɗaki na zame. Wannan yatsu biyu, na ce ƙofar mota ce. Wannan na yanzu." Ta ɗora yatsa a kan na ƙarshen. "Duk shi ya ɗauka, mutuminki. Duk zuwan da muka yi maigidana na tsaye a kaina, shi ke amsa tambaya. A na ukun sai ya ce masa doka ce kowa ya fita saboda hasken na'ura. Da ƙofa ta rufe ya ce min, 'Baiwar Allah, wannan karayar ta murɗawa ce, ba ta faɗuwa ba. Ba sai kin ce komai ba. Amma in kina tsoron komawa gida, akwai masu taimako.' Ya rubuta lambarsa a bayan ambulan. Ko sunana bai ajiye a wayarsa ba, don kada wani ya gani."

"Danginki fa?" na tambaya.

"Sau biyu ina zuwa gida. Ya biyo ni da kuka da kaya niƙi-niƙi, ya durƙusa gaban babana. Aka ce in yi haƙuri, irin wannan miji ba a samunsa." Ta yi ɗan murmushi mara daɗi. "Ai ba da duka ya fara ba. Da so ya fara. Ya ce ƙawayena na masa hassada, na rabu da su. Ya ce aikina na wahalar da ni, na ajiye. Ya ce wayata ta tsufa, ya karɓa, bai sayo wata ba. Daga nan in zai fita sai ya kulle ni ta waje. Ni kuma ina cewa kishi ne, kishi ai so ne. Ranar da ya shaƙe ni har na ga duhu, da ya fita na roƙi matar da ke mana wanki ta ara min wayarta."

*Kishi ai so ne.* Na ji kamar da ni take.

"Wanda ya kai hannu wuya," Anti ta ce, "ba a jiran na gaba. Shi ya sa ko mahaifiyarta ba ta san tana nan ba. Litinin lauya za ta shigar da takardun nan, a nemi kotu ta hana shi kusantarta."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na san ko wane ne.

*Na shigo unguwar. Minti goma.*

"Anti," na ce. "Anti, na tura masa."

"Kin tura wa wa me?"

Na miƙa mata wayar. Ta ɗora gilashinta ta karanta. Matar ta dubi fuskar Anti kawai ta gane. Ba ta yi ihu ba. Sulalewa ta yi daga kujera ta rakuɓe a lungun bango, ta kare filastar da ɗaya hannun.

Na jira Anti ta mare ni. Da ta mare ni da na ji sauƙi.

"Kuka daga baya," ta ce min. "Jakarta na ɗakin can, ɗauko. Hotunan nan, mayar da su ambulan. Kada ki goge ko harafi ɗaya a wayarki, shaida ce."

Ta kira jami'ar 'yan sandan, magana uku ta ajiye. Ta kira maƙwabciyarta ta baya ta ce ta tada mota. Sannan ta durƙusa gaban matar, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Dube ni. Mun shirya wa wannan ranar, kin tuna? Ƙofar baya, motar maƙwabciya, gida na biyu. Ba zai gan ki ba. Tashi."

Ni na riƙe ta muka bi ta kicin, muka ratsa igiyoyin shanya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ni na yafa mata mayafin Mama a kan nata don ya rufe filastar. A bakin motar na ce, "Ki yafe min." Ta dube ni, idonta a bushe.

"Kuka ya yi miki, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Ya iya," ta ce. Aka ja ƙofa.

Motar 'yan sanda ta riga shi da kamar minti biyu. Ta kafar labule na ga farar motar ta shigo layin, ta rage gudu, ta wuce shuɗin get ɗin ba ta tsaya ba. Sai saƙon murya ya shigo. Jami'ar ta ce in kunna. Muryar da ta ce min ƙanwata jiya ba ita ba ce.

"Ni za ki haɗa wa tarko? Ke ƙaramar 'yar shago? Za ki san wanda kika taɓa."

Jami'ar ta tura saƙon zuwa wayarta, ta rubuta bayanina, ta saka min lambarta. Ta ce duk inda na gan shi, ko daga nesa ne, in kira, kada in tsaya yi masa magana.

Anti ta kira Mai Hoto, ya iso a guje, ko rigar aikinsa bai cire ba. Tambayar farko da ya yi wa Anti ita ce, "Tana lafiya?" Kuma ga abin kunyar da zan gaya muku: duk da abin da idona ya gani, duk da abin da na jawo, sai da wani abu ya soke ni don ita ya fara tambaya ba ni ba. Kishi ba ya mutuwa don an kunyata shi. Laɓewa yake yi.

Ya goya ni a babur zuwa gida. A bakin layinmu ya tsaya, inda ya saba ajiye ni saboda idon Goggo.

"Watan gobe Anti za ta jagoranci manyana zuwa gidanku," ya ce, yana kallon gabansa. "Ita nake jira ta gama da wannan."

"Har yanzu maganar na nan?"

"Ban sani ba, Auta. Na ce ki yarda da ni kwana kaɗan kawai."

Ya juya babur ya koma asibiti. Na taka a hankali ina goge ido da bayan hannu, ina tunanin ƙaryar da zan yi wa Mama a kan mayafinta. Sai da na zo daf da gida na ɗago kai.

Farar motar na ƙofarmu.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Amma Mama na ciki. Na danna lambar jami'ar, na ji ta ɗauka, na raɗa mata sunan layinmu, na jefa wayar cikin jaka ban kashe ba. Na tura ƙofa.

Ƙamshinsa ya cika falon. Yana zaune a kujerar Baba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofin shayi a hannunsa, cikin kofunan da Mama ba ta fito da su sai ga manyan baƙi. Goggo na gefe tana washe baki.

"Ga ta nan!" in ji Goggo. "Auta, ashe kina da mutanen kirki irin wannan kike ɓoye mana? Tun ɗazu bawan Allah yake jiranki, ya ce a shagonku aka yi masa kwatancen gida."

Ya ajiye kofin a hankali, ko ƙara bai yi ba. Ya yi min murmushi.

"Ƙanwata," ya ce, "rufe ƙofar mana."